Albasar Madawa a kasuwannin Akra

Ranar Laraba, tun rana ba ta ɗaga ba, babban titin Nima a birnin Akra ya riga ya cushe. Kasuwar unguwar takan tumbatsa har ta cinye gefen kwalta. Masu wake da gero da dawa sun jera buhuna, masu citta da kanumfari da daddawa sun baje kaya, 'yan matan arewacin Gana da ake kira kayayo suna kutsawa cikin jama'a da manyan kwanoni a ka, ƙananan motocin haya kuwa sai tafiyar hawainiya suke.

Saurayin da ya taso daga Madawa, Buza ko Keita a jihar Tawa ta Nijar ya zo bida ba ya daɗewa yana jin baƙunta a nan. Da Hausa ake tayi, da Hausa ake sallamawa, ko da mai sayarwar Dagomba ce ko Bazabarme. Da safe ga koko da ƙosai, da rana ga shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, da dare mai tsire ya hura wuta. Fataken goro ne suka share wannan hanya tun zamanin da ayari ke zuwa Gwanja da Salaga, daga baya zango ya gangara Kumashi, ya kai bakin teku. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta watsa gidaje da yawa, amma ba ta kashe zango ba.

Abin da ya fi ɗaure ƙasar Madawa da Akra a yau shi ne albasa. Irin Galmi, mai ɓawo ja-ja da yaji mai sa hawaye, shi matan Gana ke nema don miya da yajin shito. Ana noma shi da rani a fadamun Tarka da Magiya, a Sabon Gida, a Galmi, har Tamaske. Manomi ya yi dashe da sanyin hunturu, ya yi wata uku zuwa huɗu yana ban ruwa, ya cire a watan Maris ko Afrilu. A tasha ake ɗura ta a buhu, a ɗora mata kai a ɗinke, har buhu ɗaya ya wuce kilo 100. Daga nan kamyo ya kama hanyar Ƙonni da Doso, kwana da kwanaki, shinge bayan shinge, ga duwan ga jandarma, albasa kuma tana gumi a ƙarƙashin tamfol.

Shekara da shekaru, har zuwa 2021, Agbogbloshie ce masaukin wannan kaya, a gefen kogin Odaw, daura da filin da ake ƙona tsofaffin wayoyin lantarki don cire jan ƙarfe. Wuri ne mai hayaƙi da caɓi, amma a tsakiyar gari yake. A lokacin mai abinci takan iya zuwa da asuba ta sayi rabin buhu ta koma kafin ta ɗora tukunya. Kowane kamyo yana da mai gidansa, dillalin da ke sauke baƙo, ya nemo masu saye, ya ba da kaya bashi ga matan kasuwa, ya bi kuɗin. Babu takarda a tsakani sai amana da sanin asali. Yaron da ya zo jiya yakan fara da dako ko tsince ruɓaɓɓu, ya kwana a rumfa, sannu a hankali ya koyi lissafin sidi da sefa. "Baba, a ba ni buhu biyu in gwada," zai ce wa mai gida wata rana, kuma da yawan manyan dillalai da irin wannan roƙo suka fara.

A farkon watan Yulin 2021 hukumar yankin Akra, ƙarƙashin minista Henry Quartey, ta tashi 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku, can bayan gari a kan hanyar Nsawam. Wurin ya fi faɗi da tsabta, ba gardama. Sai dai ƙaramar mai saye yanzu za ta biya mota zuwa da dawowa, kuma duk abin da ya rage ciniki a can, a jikin manomin Tarka yake ƙarewa.

Bayan shekara biyu aka ga wanda ya fi wannan. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo takunkumin ECOWAS, iyakar Benin da ta Najeriya suka rufe, manyan motoci suka yi cirko-cirko da kaya suna ruɓewa. A Akra farashi ya yi tashin gwauron zabi, a gida kuwa mai albasa ya rasa mai saye. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar Gaya ta iyakar Benin ba ta buɗe ba, hanyar Burkina Faso kuma tana da nata haɗarin.

Babban abin takaici shi ne mai garka ne ya fi kowa wahala, kuma shi ne bai da bakin magana kan farashi. Lokacin cira kasuwa ta cika, ga bashin taki da na man injin ban ruwa, dole ya sayar da araha. Wanda ya iya ajiyewa a rudu har bayan damina yakan sami ninkin kuɗin, in zafi da danshi ba su cinye masa rabi ba. Ɗakunan ajiya masu iska, da bashin da zai jira manomi har farashi ya tashi, su ne abin da ƙungiyoyin manoman jihar Tawa suka fi buƙata daga hukuma, kafin cirar baɗi ta zo.