Yadda Kuɗin Cacar Ƙasa Ke Raya Unguwanni Da Tallafa Wa Iyalai A Birtaniya

A ranar 19 ga watan Nuwamba na shekarar 1994 ne aka buga zagayen farko na cacar ƙasa ta yanzu a Birtaniya, a zamanin mulkin Firayim Minista John Major. Hujjar da gwamnati ta kafa a lokacin ita ce, a tsara cacar bisa doka, a riƙa yankar wani kaso ana yi wa al'umma aiki da shi.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. A duk fam ɗaya da aka kashe wajen sayen tikiti, fiye da rabi yana komawa ga waɗanda suka ci, gwamnati ta karɓi kashi 12 cikin 100 a matsayin haraji, masu shagunan da ke sayar da tikitin su sami ladarsu, sannan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi ayyukan jin ƙai. Kamfanin Camelot ne ya gudanar da cacar tun farko, har zuwa watan Fabrairu na 2024 da kamfanin Allwyn ya karɓe ta.

Daga kuɗin jin ƙan, wasanni da fasaha da adana kayan tarihi kowanne yana samun kashi 20, ragowar kashi 40 kuwa yana shiga asusun raya al'umma, wanda aka kafa a 2004 da sunan Big Lottery Fund, aka kuma sauya masa suna a 2019 zuwa National Lottery Community Fund. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa su ne suka fi cin moriyarsa: masu dafa wa tsofaffi abinci, masu koya wa matasa sana'a, masu gyara zauren taron unguwa.

Babban aikin da asusun ya yi wa iyalai shi ne shirin A Better Start, wanda aka ware wa fam miliyan 215 na tsawon shekara 10, daga 2015 zuwa 2025, a yankuna biyar masu fama da talauci, wato Blackpool da Bradford da Lambeth da Nottingham da Southend. A lokacin shirin, ana fara kula da yaro ne tun yana ciki har ya kusa shekara huɗu. An taimaka wa uwa kan shayarwa da abinci mai gina jiki, an koya wa iyaye yadda za su riƙa hira da karatu da jariri don bakinsa ya buɗe da wuri, an kuma kula da matan da damuwa ke kamawa bayan haihuwa. Masu shirin sun yi la'akari ne da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna gundumar Bradford Musulmi ne, caca kuwa haramun ce a Musulunci. Akwai ƙungiyoyin Musulmi, da ma wasu na Kirista, da ba sa neman wannan tallafi ko kusa, ko da kuwa rufin zaurensu na yoyo. Wasu kuma suna karɓa, suna cewa kuɗin ya riga ya zama na jama'a. Saboda haka sai ka tarar unguwar da ta fi bukata wani lokaci ita ce ta fi jan jiki.

Bugu da ƙari, masu suka sun daɗe suna cewa talaka ne ke kashe kaso mafi tsoka na abin da yake samu a kan tikiti, alhali damar cin babbar kyautar Lotto ba ta wuce ɗaya cikin kimanin miliyan 45 ba. Ke nan da kuɗin talaka ake yi wa talaka alheri, har da su gidajen wasan kwaikwayon da ba ya shiga.

Wani abin da ya fi damun masu aikin jin ƙai shi ne alƙawarin da aka yi tun farko, cewa kuɗin caca ƙari ne kawai, ba zai maye gurbin abin da ya wajaba a kan gwamnati ba. Amma an karkatar da wani kaso zuwa gasar Olamfik ta Landan ta 2012, kuma bayan tsuke bakin aljihun da aka fara a 2010, ɗaruruwan cibiyoyin kula da yara na gwamnati, waɗanda ake kira Sure Start, sun rufe. Iyayen da suka rasa su sai suka koma ga ƙungiyoyin da ke rayuwa da tallafin caca, tallafin da ke da ranar ƙarewa.