Fatoma da Zango: Tsarin Saukar Baƙi Tsakanin Matafiya Hausawa

1.0 Gabatarwa

Tun kafin bayyanar mota da gidajen kwana na haya, Hausawa sun tanadi hanyar da matafiyi zai bar garinsu, ya isa ƙasar da ba shi da dangi, ya kuma sami wurin kwana da abinci da wanda zai tsaya masa. Wannan babi zai yi bayanin wannan tsari, da yadda yake gudana a ƙasar Gumel da sauran wurare, sannan a kwatanta shi da ƙungiyoyin saukar matafiya na ƙasashen waje. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa ginshiƙin tsarin shi ne amana da lamuni.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Zango shi ne wurin da ayari yake sauka domin hutawa, galibi a bayan gari kusa da ruwa. Daga baya kalmar ta ɗauki ma'anar unguwar baƙi, kamar yadda ake samu a biranen Gana da Togo. Fatoma kuwa shi ne mutumin da yake saukar fatake a gidansa, ya kuma shige musu gaba wajen ciniki. A wasu wurare ana kiran sa maigida ko mai masauki. Dillali shi ne mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, ladan da yake karɓa kuma shi ake kira la'ada. Madugu shi ne shugaban ayari, wanda ya san hanya da sarakunan da ke kanta.

3.0 Yadda Tsarin Yake Gudana

Baƙo ba ya faɗa wa gidan fatoma kai tsaye. Yakan zo ne tare da wani tsohon baƙon gidan, ko kuma da sallahu daga wanda fatoman ya sani. Da zarar an karɓe shi, akwai haƙƙoƙin da suka rataya a wuyan fatoma:

(a) ba shi ɗaki da abinci;
(b) adana masa kaya da kuɗi;
(c) haɗa shi da dillali, da yi masa tafinta idan bai ji harshen garin ba;
(d) tsaya masa a gaban hukuma idan wata rigima ta taso;
(e) lamunce bashin da aka ci a hannunsa.

A al'ada ba a biyan kuɗin kwana. Fatoma yana samun nasa rabo ne daga la'adar cinikin da aka yi ta hannunsa. Shi kuma baƙo haƙƙinsa shi ne kada ya kai cinikinsa wani gida a ɓoye, kada kuma ya jawo wa mai masaukinsa abin kunya. Addinin Musulunci ya ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin ya kwaɗaitar da girmama baƙo, ya kuma sanya kwana uku a matsayin haƙƙin liyafa. Shi ya sa Hausawa suke cewa baƙonka annabinka.

4.0 Misali Daga Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa wadda aka ƙirƙiro a 1991. Sule Tankarkar da Maigatari suna iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma jama'ar ɓangarorin biyu sun haɗa harshe da auratayya tun kafin Turawa su shata iyaka.

Kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Nijeriya. Masu shanu da raƙuma da tumaki suna zuwa daga jihar Damagaram ta Nijar da ƙauyukan masarautar, masu saye kuma suna zuwa har daga kudancin Nijeriya. Mutumin da ya koro dabbobi daga nesa bai san mai saye ba, mai sayen ma ba shi da tabbacin cewa dabbar ba ta sata ba ce. Mai masauki da dillali su ne suke cike wannan giɓi, domin kowane ɓangare ya san inda zai same su idan magana ta taso.

Rufe kan iyaka yakan raunana wannan hulɗa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agusta 2019, kuma Maigatari tana cikin mashigai huɗu da aka fara buɗewa a Disamba 2020. An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Duk lokacin da baƙi suka daina zuwa, mai masauki da dillali da mai abinci su ne suke fara jin jiki.

5.0 Yaɗuwar Tsarin Zuwa Kurmi da Gwanja

A ƙarni na 19, fataken goro irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun riƙa zuwa kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, suna sauka a zanguna a kan hanya. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsarin ya ƙara ƙarfi a biranen kudu. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan a 1916, kuma manazarci Abner Cohen ya yi bayaninta a littafinsa na 1969. Ya nuna cewa mahautan Yarabawa suna karɓar shanu bashi, maigida Bahaushe ne kuma yake lamunce wa mai shanun kuɗinsa. Idan mahauci ya gaza biya, nauyin ya koma kan maigida. Saboda haka jarin maigida na gaskiya shi ne sunansa, domin labarin wanda ya ci amana yana riga shi isa Arewa.

6.0 Kwatanci da Ƙungiyoyin Zamani

A ƙasashen waje ma an kafa ƙungiyoyin da suke haɗa matafiya da masu masauki. An kafa Servas a ƙasar Danmak a 1949, da nufin ƙulla zumunci tsakanin al'ummomi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin a karɓi mamba sai an tattauna da shi, sannan a ba shi takardar gabatarwa, kuma yakan kwana biyu a gidan mai masauki ba tare da biyan kuɗi ba. Da intanet ta yaɗu, an buɗe Hospitality Club a Jamus a 2000, sai Couchsurfing a Amurka a 2004, inda shaidar da mambobi suke rubutawa a kan juna ta zama ma'aunin yarda.

Idan aka lura, takardar gabatarwa tana yin aikin sallahu ne, shaidar mambobi kuma tana yin aikin sunan da fatoma ya yi a kasuwa. Bambancin shi ne, waɗannan ƙungiyoyi sun ginu a kan yawon buɗe ido da musayar al'adu, kuma hulɗar takan ƙare cikin 'yan kwanaki. Ta fatoma kuwa ta ginu a kan neman abinci, tana ɗaukar shekaru, har 'ya'ya su gaje ta daga iyaye, wani lokaci ma ta kai ga aure.

7.0 Kammalawa

An ga yadda fatoma yake mayar da baƙo ɗan gida ta hanyar ara masa mutuncinsa. A yau da matsalar tsaro ta sa ake ɗari-ɗari da baƙi, tsohuwar ƙa'idar nan tana da amfani: a karɓi baƙo, amma a san wanda ya tsaya masa, a kuma gabatar da shi ga mai unguwa. Ya kamata malami ya tura ɗalibansa wurin dattawan kasuwar garinsu, su tattaro kalmomi da karin maganar da suka shafi baƙunci kafin su salwanta.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta tsakanin fatoma da dillali da madugu.
2. Kawo haƙƙoƙi huɗu na baƙo a kan mai masaukinsa.
3. Ta yaya tsarin fatoma ya yi kama da na Servas, ta ina kuma suka bambanta?