Wasiyya da Waƙafi: A Kammala Tun da Rai

Idan mutum ya rasu, daga dukiyarsa ake fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, kafin a raba gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada.

A waƙafi aka fi tuntuɓe. A mazhabar Malikiyya, wanda ya bai wa masallaci gida amma ya riƙe shi har ya rasu, gidan ya koma gado. Saboda haka muke roƙon kwamitocin masallatai su karɓi makulli da takardu a gaban shaidu tun mai bayarwa yana da lafiya, domin waƙafin da aka yi cikin ciwon ajali, daga sulusi kaɗai ake fitar da shi.