A Gyara Ta Tebur, Ko a Sayi Ta Hannu?

Ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday, ya kai har fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. Cikin asarar da ba a cika lissafawa ba akwai kwamfutocin tebur da suka sha taɓo a shagunan buga takardu da ofisoshi da makarantu. Tun kafin ambaliyar ma, irin waɗannan na'urori ba su daina macewa a Maiduguri ba, kuma duk wanda tasa ta ƙi tashi yakan tsaya a kan tambaya ɗaya: ya kai ta gyara, ko ya cika kuɗin ya nufi Kasuwar Jagwal ya sayo waya mai kyau?

Masu zaɓen waya suna da hujja, hujjar kuwa ita ce wuta. A Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka fasa turakun da ke kawo lantarki daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki suka sake fasawa, garin ya daɗe cikin duhu. Tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023 ta kawo sauƙi, amma a shekarar ce kuma aka cire tallafin man fetur, tayar da janareta ya zama sai an yi lissafi. Kwamfutar tebur da allonta kan ci wat ɗari ko fiye, kuma da an ɗauke wuta ta mutu nan take. Waya kuwa ɗan ƙaramin faifan sola ya ishe ta, ko a miƙa wa mai caji a bakin titi.

Duk da haka ina ganin ana saurin yanke wa kwamfutar tebur hukunci. Yawancin waɗanda ake cewa sun mutu, ɓangare ɗaya ne kawai ya lalace. Wanda ya fi yawan ƙonewa shi ne fawa-fak, akwatin da ke karɓar wutar gida mai bolt 230 ya mayar da ita 12 da 5 da 3.3 don sauran kayan ciki. Duk lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi, ko janareta ya yi tangal-tangal, shi ke fara shan dukan. Kusoshi huɗu ne suka riƙe shi, a kwance a sa wani. Sai ƙura. Hunturu kan cusa ta a fanka har ta daina juyawa sosai, idan kuma zafin Afrilu ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwar na'urar ta yi zafi, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mai ita ya ɗauka ta lalace, alhali hurawa take buƙata da sabon man sanyaya ƙwaƙwalwa. Wadda ke ƙara "ƙit-ƙit" allo ya ƙi kawowa, sau da yawa RAM ne ya saki, a zare shi a goge bakinsa a mayar. Wadda ke manta kwanan wata, ɗan batir ne mai kama da kwabo ya ƙare. Wadda ke jan ƙafa kuwa, a musanya tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD, za a ga bambanci tun daga kunnawa.

A waya ba haka abin yake ba. Kusan komai a manne yake a allo ɗaya, batir ma an liƙe shi da gam, gilashi idan ya fashe kuɗinsa kan cinye babban kaso na kuɗin wayar.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, bai san inda haruffa suke a madannai ba, zai shiga zauren da fargaba biyu, ta tambayoyi da ta na'ura, komai ƙwarewarsa a WhatsApp. Ɗalibin Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat ba zai ji daɗin rubuta kundin kammala karatu da babban yatsa ba. Ƙungiyoyin agaji da suka cika garin nan, idan suna neman ma'aikacin ofis, sukan tambayi ko ya iya Excel. Tsohuwar kwamfuta ɗaya a falo tana iya koya wa yaran gida duka wannan, ba tare da sayen data ba.

Akwai dai inda gyara ba ya biya. Idan babban allon ciki ya ƙone ko tsatsa ta cinye shi, a haƙura. Wadda ruwa ya shiga, babban kuskure shi ne a jona ta a wuta don a ga ko tana aiki, nan ne take ƙarasa ƙonewa. A buɗe ta, a wanke taɓon, ta bushe sarai kafin mai gyara ya gwada. Haka kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, tsofaffin na'urori da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11. Wannan bai kashe su ba, domin Linux Mint kyauta ne kuma yana tafiya a kansu, sai dai mai gyaran ya san yadda ake ɗora shi.

Wanda tasa ta wuce gyara, shawarata ya nemi laftof ta hannu kafin ya yi tunanin waya mai tsada. Tana da madannai, tana da batir da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta, kuma wutar da take ci ba ta kai ta tebur ba. Kafin kuma ya sayar wa 'yan gwangwan da tsohuwar, ya cire faifan ajiyar ya riƙe. Takardun fili, hotunan iyali da lissafin shago suna nan a ciki ko da na'urar ba ta tashi, kuma duk wanda ya jona faifan a wata kwamfutar zai iya karanta su.