A Bar Yaro Ya Buɗe Baki a Ajin Turanci

Kwanan baya mun sami zarafin zama a bayan wani aji na wata makarantar sakandare, muka saurari darasin Turanci tun daga farkonsa har aka buga ƙararrawa. Yaran sun kai 70, samari da 'yan mata, babbansu bai wuce shekara 17 ba. Malamin kuwa gwani ne, ba mu ga kasawarsa wajen sani ba. Ya cika allo da ƙa'idodin nahawu, yara suka kwafe tsaf, ya tambaye su ko sun gane, suka amsa da murya ɗaya. Amma cikin minti 40 ɗin nan ba mu ji yaro ko ɗaya ya haɗa jimla tasa ta kansa ba. Da aka tashi shan iska sai ga su gungu-gungu a gindin darbejiya, ana ta gardama kamar za a ba hammata iska, a kan wani bidiyo da ya zaga wayoyin mutane a daren jiya. Ashe bakin yana nan, abin faɗi ma yana nan, ajin ne bai ba su wuri ba.

Wannan al'amari ya dame mu ƙwarai, gama kowane malami da kowane akawu da ke da ɗa a makaranta ya san matsayin Turanci a ƙasar nan. Ba a shiga jami'a sai da kiredit a cikinsa, ko daga hukumar WAEC wadda aka kafa a 1952, ko daga NECO wadda ta zo a 1999. Yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, Turanci ya kayar da shi, to, ya zauna ke nan sai baɗi. Abin mamaki kuma, sashen jarrabawar WAEC da ake kira gwajin furuci, a Nijeriya a rubuce ake amsa shi. Tambayoyi 60 ne, yaro ya zaɓi amsa ya wuce, ba wanda zai ce masa ya furta ko kalma ɗaya. Watau yana yiwuwa ya ci gwajin magana bai yi magana ba. Malami kuwa ɗan Adam ne, abin da za a tambaya shi yake koyarwa. Sai ranar da yaron ya tsaya gaban masu ɗaukar aiki sa'an nan asiri ya tonu, harshe ya sarƙe, gumi ya keto.

Magabatanmu ba haka suka koya ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yi suna wajen horar da ɗalibanta su furta Turanci sosai, daga cikinta ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda daɗin bakinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Bayan ya koma koyarwa a Midil ta Bauchi, a farkon shekarun 1940, shi da Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da waɗansu ma'aikatan En'e sukan haɗu a wani zaure na tattaunawa, su yi ta muhawara a kan mulki da ilmi da halin da talakawa suke ciki. Abin da ya dame su shi suka tattauna, nan harshensu ya wasu.

To, mene ne ya dami matasan yau? Na farko dai waya. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, duk yaron da ke sakandare yanzu a cikin zamaninta aka haife shi. A can yake hira, a can ake zaginsa, a can ake yaɗa hotonsa ba da saninsa ba, a can kuma yake raba dare har ya zo aji yana gyangyaɗi. Akwai kuma shaye-shaye. A 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, sa'an nan wani bincike da aka fitar a farkon 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda. Ba unguwar da ba ta san wannan labari ba. Ga satar amsa, ga kuma sabon abu tun ƙarshen 2022, watau manhajojin nan irin su ChatGPT da ke rubuta wa yaro insha'i kafin ya ƙifta ido. Malamin da ya dogara ga aikin gida kaɗai, yanzu bai san wa yake ba maki ba, yaron ko na'urar. Amma in ya tsai da yaro a gabansa ya ce ya kāre ra'ayinsa da bakinsa, ba na'urar da za ta cece shi.

Ga yadda muke ganin ya kamata a yi. Malami ya rubuta batu ɗaya a allo da Turanci, gajere, wanda yake da fuska biyu, misali ko ya dace iyaye su riƙa karɓe wayar 'ya'yansu da dare. Ya rubuta kalmomi goma da za a bukata, da 'yan jimlolin nan na shiga magana, irin yadda ake cewa na yarda, ko ban yarda ba, ko a ganina. Sa'an nan ya raba yara biyar-biyar, ya ba su minti biyar su tattara dalilansu. In sun yi wannan shawara da Hausa, kada ya tsawata, gama mutum ba ya iya faɗin abin da bai riga ya tuna ba, tunani kuwa ya fi saurin zuwa da harshen uwa. Bayan haka kowane rukuni ya tsai da mutum ɗaya ya yi magana minti ɗaya da Turanci tsantsa. Mako mai zuwa a sāke wani, har layi ya zo kan yarinyar nan ta kusurwa wadda tun farkon zango ba a ji muryarta ba.

Babban sharaɗi shi ne malami ya kame bakinsa. Wannan ya fi kome wuya, mun sani, gama kunnen malami ba ya jure kuskure. Amma yaron da aka katse sau uku cikin jimla ɗaya, aji ya yi masa dariya, ba zai ƙara ɗaga hannu ba har ya bar makarantar. Gara malami ya riƙe takarda yana rubuta kurakuran a ɓoye, in an gama ya zaɓi uku da suka fi yawa, ya gyara su a allo ba tare da ya ambaci mai su ba. Kurakuran Bahaushe kuwa sanannu ne. Yakan gauraya sautin p da f har pan ya zama fan, yakan cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, kamar yadda muka mai da brush buroshi, sautin th kuma yakan koma masa s ko z. Minti biyar kowane mako ya isa a yi ta sassaƙar waɗannan. Amma tarar da waɗansu makarantu ke ci in yaro ya yi Hausa, mu ba mu taɓa ganin ta koya wa kowa Turanci ba, shiru kawai take koyarwa.

Akwai haɗari guda wanda tilas mu faɗa. Batutuwan nan ba labarin Ingila ba ne, a cikin ajin nan akwai wanda wansa ke shan ƙwaya, akwai wadda aka taɓa tozartawa a waya. Saboda haka tun farko a kafa doka, ba a ambaton sunan kowa, ba a cewa wane ya yi, sai dai a ce wani yaro. Kada malami ya tilasta wa yaro ya ba da labarin gidansu. In kuwa wata magana ta suɓuce wadda ta nuna yaro yana cikin matsala, sai a wuce ta a hankali, a neme shi daga baya a keɓe, a sanar da hedimasta. Batun da ya shafi aure ko addini kuma, kyautuwa ya yi a shawarci hedimasta da iyaye kafin a kai shi allo.

Wani zai ce manhaja ta yi yawa, ina lokacin? Darasi ɗaya ne a mako muke roƙo, kuma ba asararsa za a yi ba. Cikin tambayoyin insha'i na WAEC akan sa rubutun muhawara ko jawabi, a ce a rubuta kalma wajen 450. Yaron da ya riga ya yi gardamar da bakinsa ranar Laraba, in aka ce ya kawo ta a rubuce ranar Juma'a, dalilansa na nan a jere, sai dai ya tambayi yadda ake rubuta wata kalma.