Shin Ko Kun San? Daga Bodinga da Shagari Zuwa Gaɓar Tekun Italiya

Idan aka ambaci Italiya a majalisar hira a Bodinga ko Shagari, abin da ke fara zuwa rai shi ne ƙwallo, ko takalmi mai tsada, ko labarin matasan da suka bi hanyar Agadas. Amma hulɗarmu da wannan ƙasa ta girmi duk waɗannan. Ta shigo mana ta takardar malamai, da littafin fikihu, da fatar akuya, da madatsar ruwa. Ga abin da ya kamata mai niyyar tafiya ya sani, har ma da wanda ke zaune gida.

Shin ko kun san birnin Sakkwato ya girmi Italiya a matsayin dunƙulalliyar ƙasa? Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa har 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Bodinga yana karantarwa yana wallafa. A lokacin Italiya ƙananan masarautu ce, kowace da sarkinta. Sai a 1861 suka haɗu, birnin Rum ya shigo a 1870, aka koma jamhuriya a 1946. Shi ya sa har gobe kowane yanki ke taƙama da girkinsa da karin harshensa.

Shin ko kun san da yawa daga tsofaffin littattafan da malamanmu suka kwafa da hannu a ƙarni na 19, a kan takardar Italiya aka rubuta su? Ɗaga warƙa ɗaya ka haska ta da rana, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere cikin jikinta. Masana'antun arewa maso gabashin Italiya ne ke yin ta, musamman na iyalan Galvani da ke yankin Pordenone. Jiragen ruwa su sauke ta a Tarabulus ko Masar, raƙuma su ƙetaro da ita Sahara. Mai son gani da ido ya leƙa ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato.

Shin ko kun san ita kanta sana'ar takarda daga hannun Larabawa ta isa Italiya? Garin Amalfi na bakin teku, wanda 'yan kasuwarsa ke ciniki da Masar, yana cikin waɗanda suka fara koyon ta, kuma har yau akwai gidan tarihin takarda a can. Dabarar saka tambari cikin jikin takarda kuwa a garin Fabriano aka fito da ita, a ƙarshen ƙarni na 13.

Shin ko kun san almajirin da ke karatun Muhtasar na Shaihu Halil a zauren malaminsa yana ambaton Italiya kullum? Cikin malamai huɗu da Halil ya jingina da ra'ayinsu, biyu ana danganta su da tsibirin Sisili, wanda Larabawa ke kira Siƙilliya: Ibnu Yunus da Imam Maziri. Asalin Maziri yana komawa ga Mazara, garin masunta da ke nan har yanzu, mai wata tsohuwar unguwa da ake kira Kasba, inda 'yan Tunisiya da yawa ke zaune.

Shin ko kun san alƙalin Malikiyya ne ya jagoranci rundunar Musulmi zuwa Sisili? Shi ne Asad bin Furat na Ƙairawan, wanda ya yi karatu wurin Imamu Malik a Madina. Ya sauka Mazara a 827, aka ci Falermo a 831, mulkin Musulmi bai ƙare gaba ɗaya a tsibirin ba sai 1091. Sun bar gonakin lemo da rake da hanyoyin ban ruwa, kuma mai yawo a Falermo zai ga coci-coci masu jajayen ƙubbobi irin ginin Larabawa.

Shin ko kun san da harshen Italiyanci Turai ta fara karanta cikakken bayanin ƙasar Hausa? Hasan al-Wazzan, ɗan Garnaɗa da ya tashi a Fas, 'yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka miƙa shi ga Paparoma. A Rum ya kammala littafinsa kan Afirka a 1526, aka buga shi a Benis a 1550. Ya kawo Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, har ya ce dukawan Gobir na ɗinka takalma irin na Rumawan da, ana kai su Timbuktu da Gao.

Shin ko kun san fatar jar akuyar Sakkwato na cikin mafi daraja a duniya? Ƙarnuka da dama fatake na kai ta arewa, Turawa na saye suna kiran ta fatar Maroko. A yau Italiya na sahun gaba cikin masu sayen fatar da ake jemewa a Kano. Garuruwa kamar Solofra da Santa Croce sull'Arno da Arzignano sun shahara da jima. Akuyar da aka sayar a kasuwar ƙauye, fatarta na iya zama jaka a kantin Milan, kuma ƙwaryar ribar tana can wurin ɗinki da tambari. Wannan abin takaici ne, kuma abin da za mu iya gyarawa ne.

Shin ko kun san birnin Benis a kan tsibirai 118 yake, da gadoji fiye da 400, kuma babu mota a tsakiyarsa? Kwalekwale da jirgin ruwa ne abin hawa. Tun 1291 aka kwashe masu narka gilashi zuwa tsibirin Murano saboda gudun gobara. Duwatsun adon da suke yi sun iso har kasuwanninmu: Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 da Sakkwato a 1853, ya lissafa su cikin hajar Turai da ake kawowa.

Shin ko kun san ɗaya daga tsofaffin bayanai kan busasshiyar taliya a Italiya da Larabci aka rubuta shi? Sharif Idrisi, a littafin da ya gama wa Sarki Roger na II a Falermo a 1154, ya ce a garin Trabia ana yin ta da yawa, ana loda wa jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista.

Shin ko kun san tumatir baƙo ne a tukunyar Italiya? Daga nahiyar Amurka ya zo a ƙarni na 16, aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi. Yau shi ne jigon fizar Nafoli, wadda UNESCO ta sanya gwanintar yin ta cikin gadon al'adun duniya a 2017. Masara ma daga can ta zo, kuma a arewacin Italiya ana tuƙa garinta a yi polenta, ɗan'uwan tuwon masara. A Trapani kuwa kuskus ake ci da romon kifi.

Shin ko kun san Musulmi matafiyi sai ya yi tambaya kafin ya kai loma? Prosciutto da pancetta da yawancin salame naman alade ne, wani burodin da kitsensa ake kwaɓawa, wata miyar kuma ana zuba mata giya. A bakin teku, gasasshen kifi da man zaitun da lemon tsami ya wadatar.

Shin ko kun san Italiyawa ne suka gina madatsar Bakolori? Kamfanin Impresit, na rukunin Fiat, shi ya yi aikin a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, ya kammala shi lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Aikin ya zo da ciwo: manoma sun rasa gonaki, rikicin diyya ya kai ga asarar rayuka masu yawa a Afrilun 1980. Madatsar Kainji ma, wadda aka gama a 1968, haɗin gwiwar kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ne ya gina ta.

Shin ko kun san ɗan garin Shagari ne ya tarbi Paparoma na farko da ya taka ƙasar Najeriya? Shugaba Shehu Shagari ya karɓi John Paul na II a Legas a Fabrairun 1982, baƙon ya je har Kaduna. Fadar Paparoma, Batikan, ita ce ƙasa mafi ƙanƙanta a duniya, ba ta kai rabin murabba'in kilomita ba, kuma tsakiyar Rum take. A wannan birni dai aka buɗe ɗaya daga manyan masallatan Turai a 1995, da tallafin Saudiyya.

Shin ko kun san gaɓar tekun Italiya ta haura kilomita 7,000? A kusa da Nafoli dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 miladiyya, toka ta binne garin Pompeii. Yau ana yawo a titunansa, ana ganin tandun gashin burodi da rubutun bango.

Shin ko kun san tsibirin Lamfedusa ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili? Wasu na zuwa can shan iska, wasu kuma can ajalinsu ke jira. Ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgin 'yan ci-rani ya nutse daf da gaɓarsa, mutum fiye da 360 suka rasu. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma da biza da takardu cikakku, ba cikin jirgin roba ba.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, ya je ya koyo yadda Italiyawa ke tattalin tarihinsu da sana'ar hannunsu, har duniya ke biyan kuɗi don ta gani. Mu ma muna da Sifawa da Bodinga, da littattafan da gara ke ci a cikin gafaka, da dukawan da ke neman jari da horo. Aikin adana su da raya su yana wuyan sarakunanmu, da malamanmu, da gwamnati, da mu kanmu.