Furen suro, lemun dajin ƙasashen Turai

Jama'a masu saurare, musamman ƴan uwanmu mazauna Faransa, Jamus da Ingila: daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, iccen da Faransawa ke kira suro yakan yi farin fure mai ƙamshi a bakin gonaki. Ana tsinko shi, a jiƙa kwana 2 cikin ruwan sukari da lemun tsami, a tace, sai ga siro kamar na bisap.

Mai kumfa kuwa, ruwa ake ƙarawa, a toshe kwalba kwanaki. Yis ɗin da ke jikin furen ya ci sukarin, ya fidda gas, amma fa har da barasa kaɗan. Shi ya sa muke cewa ku tsaya ga siro, ku sirka da ruwan gas. Ganyensa da ɗanyun ƴaƴansa kuma akwai guba, kar a saka.